Ko Zan Iya Ba Ƙaton Shanshanin Da Nake Kiwo Ɓera?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Samaru, wata biyar ke nan ina kiwon wani ƙaton shanshani a cikin akwatin roba. Wanda ya sayar min ya ce irin na ƙasashen Asiya ne. Tsawonsa santimita 17, jikinsa ja mai duhu, ƙafafunsa rawaya. Gyare da kyankyaso nake ba shi. Na ga bidiyoyi a intanet ana jefa wa irinsa ɓera da rai yana kamawa, ga shi kuma ɓeraye sun addabe mu a gida. Zan iya ɗana tarko in riƙa ba shi? In babu matsala, sau nawa a wata, kuma wane girman ɓera?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyi uku ka ƙunsa a cikin guda: ko shanshani yana iya cin ɓera, ko yana bukatarsa, da ko ɓeran gidanku ya dace da shi. Yana iya ci, wannan babu musu. Amma ba ya bukata ko kaɗan, zai yi rayuwarsa gaba ɗaya cikin ƙoshin lafiya a kan ƙwari kawai. Shi kuwa ɓeran gida da aka kama a tarko, ina roƙonka kada ka sa shi a akwatin nan, da rai ko a mace, don lafiyarka da ta mutanen gidanku kafin ma a zo kan ta shanshanin.

Abin da yake iyawa a daji

Kwatancen da ka yi ya yi daidai da dangin Scolopendra na kudu maso gabashin Asiya, irin su Scolopendra dehaani da Scolopendra subspinipes, waɗanda kan kai santimita 20 ko su ɗan zarce. Ba a tabbatar da jinsin shanshani da launi kawai, sai an duba shi da kyau, amma shawarar abinci ɗaya ce a kansu duka. Babbansu shi ne Scolopendra gigantea na arewacin Kudancin Amurka, mai kai santimita 30. Namu na nan, da ake tararwa a ƙarƙashin dutse ko cikin tarin bulo da damina, ba su kai su girma ba.

Jikin irin naka gaɓa 21 ne masu ƙafafu, kowace da ƙafa biyu. Abin da muke kira fiƙarsa ba haƙora ba ne. Ƙafafu biyu ne na gaba da aka halitta a lanƙwashe a ƙarƙashin kai, kowace da jakar dafi da ɗan rami a tsininta. Da su yake soka, sauran ƙafafun kuma su rungume abin da ya kama. Ainihin bakinsa ƙarami ne, yana yagar nama kaɗan-kaɗan, shi ya sa babban abinci kan ɗauke shi awanni, kuma a ƙarshe ya bar fata da gashi da ƙashi. Ka riƙe wannan, domin yawancin ɓarnar da za mu yi magana a kai daga ragowar nan take tasowa.

Bidiyoyin da ka gani ba ƙarya ba ne. A shekarar 2005 masu bincike suka wallafa yadda Scolopendra gigantea ke maƙalewa a rufin wani kogo a ƙasar Benezuwela yana cin jemagu. A 2018 wasu masana a ƙasar Sin suka nuna shanshani mai nauyin kimanin giram 3 ya kayar da ɓera mai giram 45 cikin daƙiƙa 30, saboda wani sinadari a dafinsa da ke dagula aikin zuciya da numfashi da jijiyoyi. A 2021 kuma aka wallafa binciken wani ƙaramin tsibiri mai suna Filif, na ƙasar Ostareliya, inda shanshanin wurin ke cinye 'yan tsakin tsuntsayen teku har kimanin 3,700 a shekara. To amma a wannan tsibirin ma, da aka auna abincinsu, fiye da rabi ƙwari ne. Nama mai ƙashi abin da sa'a ta kawo ne, ba tuwon yau da kullum ba. Sannan wanda ya ɗora bidiyo ranar nasara yake nuna maka. Ranar da ɓeran ya juyo ya gatsa shanshanin gida biyu ba a ɗorawa.

Me ya sa ba da rai ba

Haƙoran ɓera suna huda bokitin roba, suna yanke wayar lantarki. Sulken shanshani bai kai waɗannan tauri ba, musamman gefen jikinsa tsakanin sulken sama da na ƙasa, inda fata ce mai laushi kawai. Daƙiƙa 30 ɗin da dafi ke ɗauka ya ishi ɓera ya yi cizo da yawa. In ƙafa ce ta tafi, ko ɗaya daga dogayen ƙahonnin da yake laluben hanya da su, za su iya dawowa a saɓa ta gaba ko ta bayanta. In ciki ne aka huda, ruwan jikinsa zai yi ta tsiyaya, kuma da wuya ya tashi. A daji, in shanshani ya ga abin ya fi ƙarfinsa, sai ya saki ya shige rami. A akwatin roba babu wurin gudu, ga ɓeran da tsoro ya haukata.

Mafi haɗari shi ne lokacin saɓa. Kwanaki kafin ya yi saɓa yakan daina ci, ya yi sanyi, launinsa ya dusashe, ya lafe a rami. Bayan saɓar kuma jikinsa da fiƙarsa sukan kasance da taushi na kusan mako guda. A wannan hali gyare guda da aka manta a ciki yana iya ci masa jiki, balle ɓera.

Akwai kuma haƙƙin ɓeran kansa. An yarda mana mu kashe shi domin ɓarnarsa, amma ba a yarda mu azabtar da shi ba. Mutuwa ta dafin shanshani mai zafi ce, kuma babu wata lalura da ta tilasta ta, tunda shanshani yana karɓar abin da ya riga ya mutu ba tare da gardama ba.

Ɓeran gida

Wannan shi ne abin da ya fi tayar min da hankali a tambayarka. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, ɓera ne ke ɗauke da shi, musamman wani mai nonuwa da yawa da masana ke kira Mastomys natalensis. Yana zama a gonaki da rumbuna, yana shiga gidaje, kuma ba kowa ke iya bambanta shi da sauran ɓeraye da ido ba. Shi cutar ba ta kwantar da shi, yana yawo lafiya lau yana zubar da ita a fitsari da kashi. Mutum yana kamuwa ta taɓa waɗannan, ko jininsa, ko abin da ya gurɓata. Cutar ta fi tashi da rani, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, kuma an sha samunta a Jihar Kaduna. Duba abin da shirin naka ke bukata: ka cire ɓera daga tarko, ka kai shi ɗakin da kake kwana, a farke masa ciki a cikin akwati mai danshi, sannan washegari ka sa hannu ka kwashe ragowa. Kowane mataki ƙofa ce. Ban da Lassa, akwai ƙwayoyin cutar gudawa da zazzaɓi irin su Salmonella da Leptospira, ga ƙuma da ke jikinsa. Sanya shi a firiza ba ya tabbatar da mutuwar waɗannan ƙwayoyin cuta.

Ta ɓangaren shanshanin kuma, guba ce matsalar. Ko kai ba ka sa magani ba, maƙwabta suna sawa, ɓera kuwa ba shi da katanga. Wanda ya fito da rana yana tangaɗi har aka kama shi cikin sauƙi, sau da yawa wanda ya ci shinkafar ɓera ne. Fiya-fiya da ake yayyafawa a ɗaki, ko a kwaɓa a abinci don ɓera, asalinsa maganin kashe ƙwari ne, ɗan abin da ya shafa a gashin ɓeran ya isa ya illata shanshani. Alamarsa ita ce ka ga yana murɗewa, ƙafafu suna karkarwa, ya kasa miƙewa, kuma in an kai nan babu magani. An je neman ƙiba an samo rama ke nan. Ɓeran da aka kama da gam kuwa, gam ɗin zai liƙe masa ƙafafu da baki.

Ɓerayen da kuka kama, ka sa safar hannu ko ka lulluɓe hannunka da leda biyu, ka ƙulle gawar a leda, ka binne da zurfi ko ka ƙona, ka wanke tarkon da ruwan bilic, sannan ka wanke hannu da sabulu.

In lallai sai ka ba shi

Hanya ɗaya ce nake ganin ta dace: jinjirin ɓera na kiwo, wanda ya riga ya mutu. Ina nufin ɗan kwana 1 zuwa 4, jajir, babu gashi, ido a rufe, nauyinsa giram 1 zuwa 3, bai fi kan ɗan yatsanka ba. Ba shi da haƙori, ƙashinsa bai yi tauri ba, don haka shanshani mai santimita 17 yana iya cinye kusan dukansa. Da zarar gashi ya fara fitowa, ragowa ta ƙaru. Babban ɓera kuwa, ko na kiwo ne, ya wuce cikinsa nesa ba kusa ba. Shanshanin da bai kai santimita 12 ba kada a ba shi ko jinjirin.

A Zariya ana kiwon fararen ɓeraye saboda binciken kimiyya, musamman a sashen nazarin magunguna na Jami'ar Ahmadu Bello, don haka likitan dabbobi ko ɗalibin wannan fanni zai iya nuna maka mai kiwo mai tsafta. Ka tambaya ka tabbatar ba a gwada wani magani a kan uwar ko 'ya'yan ba. Kashewar ma ka bar wa wanda ya san aikin ya yi ta cikin gaggawa. Kada ka jefa shi firiza da rai, kada ka nutsar da shi a ruwa.

In za ka ajiye a firiza, kowanne a ledarsa, a cikin roba mai murfi da aka rubuta wa suna, nesa da naman miya. Ga kuma halin wutarmu: in an ɗauke wuta har ya narke, sannan ya sake daskarewa, ka zubar. Wajen narkarwa, ka bar shi cikin ledarsa a ƙulle, ka tsoma a ruwa mai ɗumi wanda hannu ke jurewa na minti 15 zuwa 20. Ka matsa cikin ta saman leda, in ka ji tauri ko sanyi a tsakiya bai gama ba. Kada ka zuba tafasasshen ruwa, zai dafa fatar ya fasa cikin. Kada ka shanya a rana.

Da dare za ka ba shi, bayan isha'i, lokacin da yake fitowa farauta. Ka ɗora a kan murfin gwangwani ko ɓallin tayil don kada ruwan jikin ya jiƙa ƙasa, ka ajiye kusa da bakin maɓoyarsa da dogon hantsaki, wanda bai gaza santimita 30 ba. Ka lura, shanshani yana iya hawa hantsaki ya iso hannu cikin ƙiftawar ido, saboda haka in ya cafke hantsakin ka sake masa, ka rufe murfi. Ɗan tsaga cikin jinjirin da reza yana sa ya ji ƙanshi da wuri. Kada ka tura masa a fuska. Ka kashe fitila ka bar shi.

Da asuba ka kwashe duk abin da ya rage, har da cokali ɗaya ko biyu na ƙasar da ke kewaye. Kada ya wuce awa 12 a ciki. A zafin Maris da Afrilu, awa 6 ma ta yi yawa. In ya ja naman ya shige rami da shi, wanda yakan faru, kada ka tona da shi a ciki. Ka lallaɓa shi da hantsaki ya shiga wata roba mai zurfi, ka rufe, sannan ka tona. Bayan irin wannan ci, ka bar shi mako 2 zuwa 3 babu abinci sai ruwa. Yawan bayarwa kuwa, sau ɗaya a wata 2 ko 3 shi ne iyaka, kuma wanda bai taɓa bayarwa ba bai tauye dabbarsa da komai ba. In nama kawai kake so ya ɗanɗana, ɗanyar zuciyar kaza ko tsokar kifi gwargwadon ƙwayar gyaɗa biyu, babu gishiri babu yaji, ta wadatar, kuma ta fi sauƙin samu da kwashewa.

Abin da ragowar nama ke jawowa

Akwatin shanshani wuri ne mai ɗumi da danshi, nama kuwa ba ya jimawa a irin wannan wuri. Wari ne ke fara zuwa. Sai wasu 'yan ƙananan ƙudaje masu gudu-gudu a kan ƙasa su yi ƙwai, tsutsa ta fito. Sai wasu ƙwari farare, ƙanana kamar garin gishiri, su yi yawa, su hau jikin shanshanin su taru a mahaɗar gaɓoɓi da kewayen 'yan ramukan numfashi da ke gefen jikinsa. In ka ga haka, sai an canja ƙasar gaba ɗaya an wanke akwatin da ruwan zafi. Fumfuna ma takan tashi, kuma ƙasa mai jagwab da rashin iska su ke kawo baƙaƙen ɗigo a ƙafafu da ƙahonni, waɗanda kan cinye gaɓar a hankali.

Tururuwa ta fi duka saurin kisa. Ƙanshin nama na kiranta, kuma in ta yi layi ta shiga ta ramukan iska, dare ɗaya ya isa. Ka sa ƙafafun teburin cikin gwangwanaye masu ruwa, kada akwatin ya jingina da bango ko labule. Kada ka ce za ka yi feshin maganin sauro ko ka kunna na hayaƙi a ɗakin da yake.

Yawan ci ma illa ne. Shanshanin da ya ƙoshi fiye da kima za ka ga sulkunan bayansa sun rabu da juna, farar fatar gefe ta bultso kamar an hura shi. Irin wannan ya fi saurin fashewa in ya faɗo daga murfi. Akwai masu cewa sinadarin ƙashin ɓera ne ke hana saɓa fita lafiya. Ni ban ɗora shawarata a kan wannan ba, dalilan da na kawo sun isa, kuma abin da aka fi sani da lalata saɓa shi ne bushewa.

Abincin da ya kamata ka dogara da shi

Shanshani ba ya ƙona abinci don ɗumama jiki kamar mu, don haka cinsa kaɗan ne. Mai girman naka, babban kyankyaso 1 ko gyare 2 zuwa 3 a kowane kwana 7 zuwa 10 ya ishe shi. Kada abincin ya wuce kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa. Abin da bai ci ba zuwa safe ka cire.

Amma kyankyason da kake ba shi, daga ina yake? In na kicin ne ko na masai, haɗarin fiya-fiya da ƙazanta yana nan. Gara ka yi kiwon naka. Bokiti mai zurfi mai santsi, murfi da aka yanke aka liƙa ragar sauro ta ƙarfe, kiret ɗin ƙwai na kwali a jere a tsaye, dusa ko abincin kaji a murfin gwangwani, da yankan karas ko kabewa a madadin ruwa. Ga gyare, ka ƙara 'yar roba mai jiƙaƙƙen yashi inda matan za su yi ƙwai, a ɗuminmu cikin mako 2 za ka ga 'ya'ya. Waɗanda ka fara da su daga waje, ka tsare su mako guda ka ga ba sa mutuwa, kuma 'ya'yansu ne za ka fi amincewa da su. Ka ƙosar da ƙwaron da abinci mai kyau kwana 1 ko 2 kafin ka miƙa shi, domin abin da ke cikinsa shi ne rabin amfaninsa. Shinge na farkon damina abinci ne mai kyau in an kama shi a inda ba a feshi. Fara ta kasuwa da aka soya da mai da gishiri ba ta yi ba, haka wadda aka kamo a gonar da aka yi wa feshi. Lokaci-lokaci ɗan yankan ayaba ko mangwaro ma yakan lasa.

Ka fi damuwa da hunturu fiye da nama. Fatar shanshani ba ta riƙe ruwa kamar ta kunama, iskar Disamba da Janairu a Zariya tana iya busar da shi cikin 'yan kwanaki. Ƙasar akwatin ta kai zurfin santimita 10 zuwa 15, ɓangare ɗaya da danshi yadda in ka dunƙula za ta haɗu amma ruwa ba zai ɗiga ba, ɗaya ɓangaren ya ɗan fi bushewa, da ɓawon itace na ɓuya, da kasko marar zurfi wanda ruwa ba ya yankewa a ciki. Ɗumin digiri 24 zuwa 28 ya fi masa daɗi. Da bazara ka kai shi ɗaki mafi sanyi a gidan, ka ajiye a ƙasa, nesa da taga.

In ya ƙi ci na mako 2 ko 3, kada ka ɗauka ɓera yake nema. Yawanci saɓa ce ke tafe, ko sanyi ya rage masa ci. Yawancin manyan da ake sayarwa daga daji aka kamo su, don haka mace kan zo da ciki. In ka hango shi a naɗe a kan wani dunƙulen ƙwai rawaya, kada ka ba shi komai, kada ka motsa akwatin, domin in an dami uwar cinye ƙwan take yi.

Lokacin ba da abinci da kwashe ragowa shi ne lokacin da aka fi samun harbi da kuɓucewa. Bangon akwatin daga saman ƙasa ya fi tsawon shanshanin sau ɗaya da rabi, murfin ya zama mai ƙulli, kuma in akwai yara a gidan ka sa kwaɗo. Harbin irin na Asiya yana da raɗaɗi mai tsanani da kumburi, wani lokaci na kwanaki. In ya faru, a wanke da sabulu da ruwa, a tsoma wurin a ruwa mai zafin da fata ke jurewa ba tare da ƙuna ba, ko a ɗora ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle, duk wanda ya fi kawo sauƙi. Kada a tsaga, kada a ɗaure, kada a tsotsa. Daga nan aikin likita ne, ba na mai kiwo ba: in yaro ne ko tsoho, ko kumburin yana hawa, ko akwai ciwon ƙirji, jiri, amai ko sarƙewar numfashi, a wuce asibiti nan take, asibitin koyarwa na Shika ko wanda ya fi kusa, a faɗa musu ainihin abin da ya yi harbin, a kuma tambaye su batun allurar tetanus.